Rasuwar Gudrun, Bindigar Sojan da Ba Ta Taɓa Ganin Yaƙi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da aka hana shi faɗar abin da ke cikinsa, ni Merle Stottlemyer na yankin Bedford a jihar Pennsylvania nake sanar da 'yan'uwana na ƙungiyar masu tara tsoffin bindigogin soja rasuwar abokiyar zamana Gudrun, bindigar sojan Sweden, wadda ajali ya riske ta a garejin surukina tana da shekara ɗari da goma sha uku a duniya. Ta rasu bayan gajeriyar jinyar da ba ta nema ba, a hannun likitan da bai taɓa duba irinta ba. Gawar tana falona yanzu haka, da jan ƙyallen kyauta ɗaure a wuyanta, kuma har yau ba a ba ni izinin kwance shi ba.

An haifi marigayiya a shekarar 1911, a gidan mutunci, lokacin da maƙera ke jin kunyar sakin aiki da tabo. A goshinta aka buga kambin sarkinsu da shekarar haihuwarta. Kowace gaɓa ta jikinta kuma, tun daga sakatar da ake ja a ɗana harsashi har zuwa siririn ƙarfen goge bututu, tana ɗauke da lamba ɗaya, shaidar cewa tare aka haife su kuma ba wadda aka aro daga wani gida. Ku da kuka san harkar kun san abin da wannan ke nufi. A cikin bindiga ashirin da wuya ka samu ɗaya da ba a sauya mata ko da ƙusa ba. A gindin katakonta akwai ɗan faifan tagulla inda mai duba makamai na soja ke buga alamar lafiyar bututu, kuma alamar da ke kan nata ta masu ƙoshin lafiya ce.

Aikin soja ta yi, amma ba ta taɓa kashe mutum ba. Yaƙin duniya na farko ya zo, ƙasarsu ta ce ba da ita ba. Na biyu ya zo, ta sake cewa ba da ita ba. Sa'o'inta na Rasha da Jamus da Ingila suna can suna birgima cikin taɓo, ita kuwa aikinta fareti da harbin kwali, daga nan a goge ta a mayar da ita mazauninta. Yaƙe-yaƙe biyu suka wuce ta ƙofar gidansu, ba wanda ya yi mata ko ƙwarzane. Ashe ajalinta yana Pennsylvania, a hannun mai haɗa durowar kicin.

Na haɗu da ita a 1991, a shagon kayan ƙarfe na tsoho Kimmel, tsaye cikin ganga tare da 'yan'uwanta, kusa da gangar tsintsiya. Dala sittin da tara. Kimmel yana ganin ina juya ta ya ce, “Ɗauki biyu mana, Merle, in rage maka. Sun tare min wurin shebur, ga dusar ƙanƙara tafe.” Na ce ɗaya ta ishe ni. Wannan magana ta fi kowace magana da na taɓa yi tsada. Da na kai ta gida, matata Lorna ta tsaya bakin ƙofa ta toshe hanci, domin girisin ajiyar da aka lafta mata ya yi kauri har sai da na shanya ta a rana kwana da kwanaki kafin ya narke. Lorna ta ce, “Wato ka bar famfon banɗaki yana zuba ka je ka sayo sanda mai wari.” Ba ta taɓa sauya ra'ayi ba, kuma zan dawo kan wannan.

Matasan ƙungiya ba za su yarda ba, amma a wancan zamani haka abin yake. Ƙasashen Turai suna share ɗakunan ajiyarsu, jiragen ruwa suna sauke akwatuna, mu kuma muna yanga. Mutum ya ɗaga bindiga ya ga ɗan tsagu a katako, ya ajiye ya ce a buɗe masa wani akwatin. Harsashi a gwangwani ake saye, kamar manja. Mun ɗauka ɗakunan nan ba su da ƙasa. Sai ga shi sun ƙare, wasu ƙofofin doka ta rufe su, wasu yaƙi ya sake buɗe wa masu su ido. Yau ka shiga kasuwar bindigogi a zauren 'yan kwana-kwana, ka ga ta Rasha da muke jingine ƙofar sito da ita an kwantar da ita kan ƙyalle mai laushi, an rubuta dala ɗari huɗu da hamsin, kuma wani mai gemu da waya a hannu yana godiya da ya same ta. Waɗanda suka yi mana dariya da cewa muna tara bola, su ne yanzu ke sa farar safar hannu kafin su taɓa bolar.

A bazarar da ta wuce abokina Harlan Beegle, ma'ajin ƙungiyarmu, wanda duk kun san harshensa, ya taya Gudrun dala dubu da ɗari. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce, “Ba komai, tsoho, ina da haƙuri. Ka riga ni tsufa, kuma Lorna ba ta san farashi ba.” Na so a ce ya yi gaskiya, da aƙalla ta faɗa hannun mugu wanda ya san darajarta.

Marigayiya mai sanyin hali ce. Ba ta dukan kafaɗa irin na 'yar Rasha, ba ta ihu fiye da buƙata. In ka ja sakatarta sai ta ce ƙaraf, in ka mayar ta ce ƙwas, a natse, ba gaggawa, kuma in ta yi magana sau ɗaya, tas, ba ta maimaitawa. Doguwa ce har ta kan maƙale a ƙofar a-kori-kurata, ban taɓa jin haushin hakan ba. Katakonta ya yi duhu da gumin samarin da ban san sunansu ba, akwai wani lotsi kusa da kunamarta wanda na shafe shekara talatin da uku ina tunanin yadda aka yi ta same shi. Kusan kowace kaka ta ciyar da gidana da naman barewa. 'Yata Darla da ita ta koyi harbi, tana 'yar shekara goma sha biyu, gindin bindigar yana neman ya fi ƙarfin kafaɗarta.

Ciwon ajalinta daga idona ya fara. Saitinta na ƙarfe ne, ɗan tsini a gaba da ɗan tsagu a baya, kuma shekara biyu ke nan tsinin ya koma min hazo. Bara wani namijin barewa ya tsaya a gabana, kusa, yana kallona kamar ya zo gaisuwa. Na harba, ya girgiza kunne ya yi tafiyarsa a hankali. Mutum ɗaya na gaya wa a duniya, ita ce Lorna, na kuma ce ta riƙe min. A nan na gane cewa sirrin da ka ba matarka ta shekara arba'in da shida yana nan lafiya, sai dai yakan fita shan iska.

Dole in yi bayanin surukina Tobin, tunda shi ne likitan. Ɗan birni ne daga Pittsburgh, sana'arsa haɗa durowar kicin, kuma babban maƙiyinsa a duniya shi ne tabo a jikin katako. Shekara shida da suka wuce, a bikin godiya da dangi ke taruwa su ci abinci a ƙarshen Nuwamba, na farko bayan aurensa da Darla, na miƙa masa Gudrun ya gani, ya riƙe ta da yatsu kamar an ba shi jaririn maƙwabta. Na faɗi magana ɗaya a kan teburi, game da irin mazan da ake yi yanzu. Magana ce ta gaskiya, mutane ma sun yi dariya. Darla ta ajiye cokali, ta ɗauki jakarta da mijinta. Tun daga ranar ba ta sake taka gidana ba. Takan kira uwarta a waya, ni kuma ana isar min da gaisuwa, in akwai.

A watan Oktoban bana aka yi min aikin gwiwa. Na buɗe ido a asibiti na ga Darla zaune gefen gado tana ɓare lemo. Ba ta tayar da tsohon zance ba, ni ma ban tayar ba. Ta yi ta zuwa har aka mayar da ni gidan gashin ƙashi, tana kawo miyar kaza, tana yi min faɗa kan motsa ƙafa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi farin cikin da ban yi irinsa ba cikin shekaru. Ban san cewa a daidai lokacin Lorna ta riga ta ba su labarin barewar ba, ta kuma buɗe wa Tobin akwatin ƙarfen da nake ajiye bindigogi. Ta ce ya ɗauki doguwar, ita ce tsohon ya fi so.

Ranar bikin godiya, an gama cin talotalo ana jiran kek ɗin kabewa, Tobin ya fita wajen motarsa ya dawo da wani dogon kwali. Ba shi da tsawon da ya kamata, shi ya sa ban zargi komai ba. Na buɗe.

Ga sakamakon binciken gawa, ga masu ƙarfin zuciya. An yanke mata bututu kimanin taƙi guda, domin ta daina maƙalewa a mota. An datse katakonta daga rabi, abin da ya saura kuma an bi shi da samfefa har ya yi fari fat, gumin samarin Sweden da lotsin nan nawa duk sun tafi cikin ƙura, sannan aka shafe shi da man sheƙi irin na teburin cin abinci, har kana iya duba haƙoranka a ciki. An gasa hannun sakatarta da wuta an lanƙwasa shi. An huda goshinta wuri huɗu, huda ɗaya a tsakiyar kambin sarki, aka ɗaura mata madubin hange mai girman kwalbar lemo. Faifan tagullar kuwa an ciro shi, an goge shi har alamar lafiyar ta ɓace, an huda shi an yi min maƙalin makulli. Shi aka ba ni daban, a ƙaramin akwati mai auduga. Gyaran gangar Auzinawa dai na sha ji a bakin mutane, amma ban taɓa ganin wanda aka yi da tsafta irin wannan ba. Ko ɗigon fenti bai zuba inda bai dace ba.

Tobin yana tsaye yana murza hannu. Ya ce, “Na ji an ce idon ya fara ba ka wahala. Na kalli bidiyo ya fi ashirin kafin in taɓa ta. Katakon nan ya ci min Asabar uku, datti ne a jikinsa na fitar hankali, ban san yadda kake haƙuri da shi ba. Yanzu ba barewar da za ta sake raina ka, Baba.”

Shekara shida yallaɓai yake ce min, a 'yan lokutan da hanya ta haɗa mu. Ranar ya ce Baba.

Na ɗaga kai. Lorna tana murmushi irin na wadda ta gama aikin lada. Darla kuwa ba bindigar take kallo ba, bakina take kallo. Hannunta ɗaya yana kan bayan mijinta, ɗayan yana kan igiyar jakarta da ke rataye a kujera. Ita ta san abin da aka yi, tunda a hannuna ta tashi, kuma daga baya na ji cewa sai da aikin ya ƙare ta gani. Maganganu sun taru min a maƙogwaro, masu kyau, waɗanda da na sake su da an shekara ana maimaita su a Bedford. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, na ce, “Kai, Tobin, wannan aiki ba kowa zai iya shi ba.” Ban yi ƙarya ba. Darla ta saki jakar ta tashi ta yanko min kek, babban yanki.

Wani abin takaicin kuma, wanda nake roƙon kada a saka shi cikin tarihin ƙungiya: washegari Tobin ya matsa sai mun gwada ta a bayan sito. Na leƙa madubin, na ga kwalin tar, har da ƙudan da ya sauka a kansa. Na harba uku, suka shiga wuri ɗaya, ka rufe su da kwabo. Rabona da irin wannan harbi tun ina da gashi. Muryarta ma ta sauya, ta zama wata ƙara mai kaifi irin ta 'yan zamani. Tobin ya yi ta tsalle, ni kuma na tsaya riƙe da gawar da ta fi mai rai iya aiki, na rasa wanda zan ji haushi.

Harlan ya zo ganin gawa ranar Litinin, bayan baƙi sun tafi. Ya cire hula da kansa. Ya daɗe yana kallon hudar da ke cikin kambin, sannan ya ce, “Dala ɗari biyu, Merle, kuma don madubin ne. Wa ya yi wannan ta'asa? Faɗa min in je in gaishe shi.” Na ce surukina ne. Ya ce, “Wanda ya gudu da Darla?” Na ce wanda ya dawo da ita. Harlan ya mayar da hularsa.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai ita, da gwiwar ƙarfe da maƙalin makulli. Ta bar wuƙar da ake ɗaura mata a baki, wadda yanzu ba ta da bakin da za ta hau, tana kwance a durowa ta zama gwauruwa. Ta bar maƙwabtanta na akwati: wata 'yar Ingila mai tabon yaƙin gaske, da 'yan Rasha biyu da na saya lokacin araha waɗanda yanzu suke ji da kansu, da wata 'yar Italiya da ba wanda ya taɓa tayawa. Dukansu suna cikin firgici, domin Tobin ya leƙa akwatin kafin ya tafi, ya shafa 'yar Ingilar ya ce ita ma katakonta yana neman taimako, ga Kirsimeti ya kusa. Na sauya lambar makullin a ranar, kuma Lorna ba ta cikin waɗanda suka san sabuwar. Ta kuma bar 'yan'uwa a Sweden da sauran wurare, waɗanda darajarsu ta ɗan ƙaru da rasuwarta, tunda masu lamba ɗaya sun ragu da guda. Ina taya masu riƙe da su murna, musamman Harlan, wanda ke da biyu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ta biyu a cikin watan Disamba, da hantsi, a filin harbin ƙungiya da ke bayan tsohuwar ma'aikatar katako. Lorna za ta kawo tukunyar wake da naman barewa, a matsayinta na wadda ta buɗe ƙofa. Ba a buƙatar furanni. Wanda ke son yin sadaka ya je gida ya ɓoye makullin akwatinsa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma saboda shi na rubuta wannan sanarwa a takardar ƙungiya da ake aika wa membobi kawai. Tobin zai zo. Shi ya roƙa, yana son abokan Baba su ga aikinsa, har ya sayi sabuwar hula saboda ranar. Darla za ta rako shi, kuma za ta tsaya inda take jin kowa. Don haka ta'aziyya a yi min ita a wajen ajiye motoci, a hankali, kusa da kunne. Wanda kuka ya ci ƙarfinsa ya ce hayaƙin harbi ne. In Tobin ya miƙo maka gawar, ka karɓa da hannu biyu, ka shafa katakon, ka ce ya yi santsi, domin ya yi. Ka leƙa madubin ka ce ana gani sosai, domin ana gani. Kada wanda ya ambaci lamba, ko kambi, ko farashi. In ya yi tayin gyara maka taka a kuɗi kaɗan, ka ce za ka yi shawara da iyali.

Harlan, da kai nake musamman. Na san jawabin da kake shiryawa, na san zai yi daɗi, da a kan bindigar wani ne da ni zan fara dariya. Ka bar shi a mota. Wanda ya san bakinsa ba zai riƙu ba, ya yi zamansa a gida, na yafe masa zuwa.

Na so Gudrun, kuma ba za a sake sauke irinta daga jirgi ba, ko da kuɗi. Amma na gwada zama shekara shida da ita cikakkiya a akwati, lambobinta duk sun dace, kujerar Darla kuma babu kowa a kai. Na san farashin wannan ma, kuma ba zan sake biya ba.